Daga Mombasa Zuwa Lamu: Bin Sawun Robar Da Teku Ke Amayarwa

Labarin wani jirgin ruwa ne ya kai ni gaɓar Kenya. An ce a tsibirin Lamu wasu maƙeran jirage sun tattara robar da teku ya watso bakin gaɓa, suka narkar da ita, suka ƙera jirgi irin na kakanninsu, har suka yi tafiyar kilomita 500 da shi zuwa Zanzibar a farkon 2019. Na daɗe ina son in gan shi da idona. Sai dai na ƙudurta ba zan faɗa Lamu kai tsaye ba. Na fi son in fara daga Mombasa, in bi gaɓa in yi arewa, in ga abin da aka ƙera jirgin da shi tun yana kwance a kan yashi.

Abin da baƙo zai fara lura da shi a Mombasa shi ne ƙarancin leda. Ba kasafai ka gan ta tana shawagi a iska ko ta maƙale a wayar lantarki ba. Kenya ta haramta ƙera ta da shigo da ita da amfani da ita tun ranar 28 ga Agusta, 2017, bayan yunƙuri biyu da suka ci tura a 2007 da 2011. Hukuncin kuwa ba na wasa ba ne: tarar da za ta iya kai shilin miliyan 4, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 4. Har yanzu 'yan fasa-ƙwauri kan sulalo da ita ta kan iyaka, amma duk wanda ya ce dokar ba ta yi aiki ba bai yi adalci ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, dokar leda kawai ta kama. Gorar ruwa da ta lemo, da marfinsu, da 'yan ƙananan fakitin sabulu da alewa, duk suna nan cike da kwata, kwatar kuma teku ta nufa. Direban da ya ɗauko ni ya nuna mini Kibarani, a bakin hanyar da ta haɗa tsibirin Mombasa da tudu. Nan ne babbar bolar birnin take shekara da shekaru, dab da ruwa, sai a 2018 aka rufe ta aka shuka ciyawa da furanni. Wurin ya yi kyau yanzu. Abin da ya riga ya gangara ruwa a tsawon shekarun nan kuwa, babu mai iya dawo da shi.

Ban daɗe a Mombasa ba na hau mota zuwa Watamu.

Watamu ƙaramin gari ne kudu da Malindi, kuma ruwansa na cikin wuraren da aka fara killacewa a Afirka don kare halittun teku, tun 1968. Yashin fari ne tas, ruwan kuma ana hango ƙasansa. Na isa ne a lokacin iskar kudu maso gabas, wadda mutanen gaɓar ke kira kusi, mai kaɗawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. A lokacin nan teku kan jibge ciyawar ruwa a bakin gaɓa, tudu-tudu, baƙa, mai ƙarni. Daga nesa ciyawa kawai za ka gani. Sai ka tsuguna ka ɗaga ta da sanda. A taku kaɗan na ga silifas wari ɗaya-ɗaya, da buroshin goge baki, da laita, da guntun igiya shuɗiya, da marafan kwalba masu launi iri-iri, da wani abu da na kasa gane ko bokiti ne a da ko kujera. Wasu gorunan na ɗauke da rubutun kamfanonin Kenya da Tanzaniya. Wasu rubutun Sinanci ne. Akwai kuma 'yan kofunan ruwa na roba masu rubutun Indonesiya, rana ta cinye launinsu, ƙananan halittun ruwa sun manne musu, alamar sun yi watanni suna tafe.

Hanyar da suka biyo sananniya ce. A Tekun Indiya akwai wani babban magudanin ruwa da ke tasowa daga wajajen Indonesiya ya yi yamma, ya wuce ta arewacin Madagaska, ya zo ya bugi gaɓar Afirka. Nan sai ya rabu biyu, reshe ɗaya ya yi arewa, ya bi gefen Tanzaniya da Kenya. Duk abin da ya faɗa ruwa a bakin kogunan tsibirin Jaba na Indonesiya, in dai yana iyo, yana da hanyar zuwa nan ba tare da biza ba. Tsibirin Aldabra na ƙasar Seshel yana kan wannan hanya, kuma babu mazauna a cikinsa sai 'yan tsirarun masu gadi da masu bincike. A 2019 wata tawaga ta kwashe tan 25 na shara daga gaɓarsa, ta kuma ƙiyasta cewa fiye da tan 500 sun rage. Mafi nauyin abin da suka samu kayan kamun kifi ne, sai silifas dubbai a kan dubbai.

Amma kada a ɗora wa baƙi laifin duka. Wani masani daga Jami'ar Cape Town, Peter Ryan, ya bi gaɓar Kenya yana karanta rubutun jikin goruna, ya wallafa abin da ya gano a 2020: kusa da birane, yawancin gorunan na gida ne, sai an yi nisa da gari ne na ƙetare ke rinjaye. Daga cikin na ƙetaren ma, akwai sababbin da ba su daɗe da fitowa daga masana'anta ba, waɗanda ba za a ce igiyar ruwa ce ta kawo su daga Asiya cikin ɗan lokaci haka ba. Daga jiragen ruwa aka jefo su, alhali dokar ƙasa da ƙasa ta hana jirage zubar da roba a teku tun ƙarshen 1988. To wa zai kama mai laifi a tsakiyar teku da tsakar dare?

Abin da ya fi tsaya mini a rai a gaɓar nan ƙanana ne. Na ɗebi yashi cikin tafin hannu daga layin da ruwa ya tsaya, na baza. Tsakanin ƙwayoyin yashi akwai ja, da kore, da shuɗi, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Roba ba ta ruɓewa yadda itace ko ƙyallen auduga ke yi. Zafin rana ne ke busar da ita ta yi gautsi, igiyar ruwa ta farfasa ta, ta ci gaba da raguwa tana yawaita. Masana na kiran duk wadda ba ta kai milimita 5 ba ɓurɓushin roba, kuma an same shi a ƙanƙarar arewacin duniya, da ramin Mariyana wanda babu inda ya fi shi zurfi a teku, da cikin kifi, da cikin gishiri. Mata da matasan da na gani da sassafe suna bin gaɓa da buhuna za su iya tsince gora da silifas. Wannan kuwa babu tsintsiyar da za ta raba shi da yashi.

A Watamu ne kuma na ziyarci wurin jinyar kunkurun teku na ƙungiyar Local Ocean Conservation, wadda ta faro a 1997 da gadin ƙwayayen da kunkuru ke binnewa a yashi. Dabararsu ta burge ni don ta san halin ɗan Adam. Masunci in kunkuru ya faɗa tarunsa, maimakon ya yanka ya sayar, sai ya kira su. Su zo su auna dabbar, su duba lafiyarta, su sa mata alama, su ba shi ɗan abin da zai rage asarar lokacinsa, su mayar da ita ruwa. Da haka aka saki dubbai. Wadda ba ta da lafiya kuwa sai a kwantar da ita a manyan kwatarniyoyin ruwa. Na tsaya kan wata ƙarama da ke ta faman nutsewa tana kasawa, bayanta na tasowa sama. Ma'aikacin ya bayyana mini cewa idan roba ta toshe hanji, iska kan taru a ciki, dabbar ta kasa nitso, ta kasa kiwo, yunwa ta kashe ta ko jirgi ya buge ta. Leda a cikin ruwa ta yi kama da wata halitta mai laushi da kunkuru ke ci, shi ya sa yake haɗiye ta da murna. Wani binciken hukumar kimiyya ta Ostireliya a 2018 ya nuna cewa guntu ɗaya tak na iya kashe kunkuru ɗaya cikin biyar, in kuwa ya haɗiyi 14, rabi da rabi ne tsakanin rai da mutuwa. Ma'aikacin ya nuna mini kwalaben da suke adana abin da ya fito daga cikin marasa lafiyarsu. Ban so in daɗe ina kallo ba.

Daga Malindi na hau ƙaramin jirgin sama zuwa tsibirin Manda, na ƙetare mashigi a kwale-kwale, sai ga Lamu da fararen gidajenta na dutsen murjani. Tsohon gari ne, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2001. Lungunansa ba sa ɗaukar mota, don haka jakuna ne ke dakon komai, ana ƙiyasta yawansu da kusan 3,000, har asibitinsu gare su tun 1987. Su ma roba ba ta bar su ba. Jakin da aka sake ya nemi abinci a bola yakan haɗiyi leda da igiya, ciki ya ɗaure, wani lokaci ya mutu. A tsibiri irin wannan babu wani "can" da za a kai shara. Duk abin da jirgi ya sauke a tashar jiragen ruwa, in ba a sake loda shi an fitar ba, yana nan: ko a bola, ko a wuta, ko a ruwa.

Jirgin da na zo dominsa sunansa Flipflopi. Tsawonsa wajen mita 9 ne, kuma tun daga nesa ba ka ɓata shi, saboda jikinsa an lulluɓe shi da gutsattsarin silifas kusan 30,000, ja da rawaya da shuɗi da ruwan hoda. Babban maƙerinsa, Ali Skanda, ɗan Lamu ne da ya gaji sana'ar. An tara roba wajen tan 10, aka niƙa, aka narkar, aka zuba ta ta zama katakai da haƙarƙarin jirgi, sannan aka harhaɗa su da hannu yadda ake harhaɗa na itace. An ƙaddamar da shi a 2018, ya je Zanzibar a 2019, a 2021 kuma aka kai shi Tafkin Biktoriya ya zaga Kenya da Yuganda da Tanzaniya. Na shafa jikinsa. Aiki ne na gwanaye, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake lanƙwasa katako ya zauna daidai a cikin jirgi zai san ba ƙaramar wahala suka sha da wannan baƙon abu ba.

Abin da ya fi jirgin burge ni shi ne masu shi ba su ruɗi kansu ba. Ba su ce a ci gaba da zubarwa su za su ƙera jirage ba. Sun yi shi ne don ya ja ido, kuma da shi suke yawon neman a haramta robar da ake amfani da ita sau ɗaya a jefar a faɗin Gabashin Afirka. Lissafi ma yana bayansu. A 1950 duk robar da duniya ta ƙera ba ta wuce tan miliyan 2 ba. A 2019 ta kai tan miliyan 460. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya gano cewa cikin duk robar da ta taɓa zama shara, kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, saura kashi 79 suna bola ko suna yawo a doron ƙasa da ruwa. Wani kuma na 2015, ƙarƙashin wata masaniya, Jenna Jambeck, ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai tsakanin tan miliyan 4.8 zuwa 12.7 ne suka shiga teku daga tudu. Ka ɗora tan 10 na Flipflopi a gefen wannan. Tsintar shara a bakin gaɓa ibada ce, ban raina ta ba, amma kwashe ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo.

Na samu wani dattijon matuƙin jirgi ya kai ni kangon Takwa, tsohon garin da aka yi ƙaura daga cikinsa ƙarnuka da suka wuce, a ɗaya gefen Manda. Sai teku ya ciko ake iya shiga, ta wani siririn mashigi tsakanin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, waɗanda suke kira mikoko. Yankin Lamu ne ke da mafi yawan irin wannan daji a Kenya. Saiwoyinsu a waje suke, sun harɗe da juna, nan kifi ke zuba ƙwai, nan 'ya'yansa ke ɓuya har su girma, kuma su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta ci gaɓa. Saiwoyin nan da ke tare laka su ne kuma ke tare roba. Buhunan siminti, da tsummokaran leda, da igiyoyi sun nannaɗe su har inda ruwa ke kaiwa. Inda leda ta rufe ƙananan saiwoyin da itacen ke numfashi da su, sai ya shaƙe.

Ɗan dattijon ne ke yi mana tafinta. Muna cikin tafiya dattijon ya sa sanda ya ɗago wani dunƙulen taru, da ƙaguwa matacciya a ciki da wata mai sauran rai.

Na ce, "Mzee, wannan na waye?"

Ya yi dariya. "Na kowa ne, Bwana. Mai shi ya daɗe da sayen wani. Shi kuwa bai san an sallame shi daga aiki ba, yana nan yana kamu."

Ya ce a zamanin mahaifinsa da zare da igiyar ɓawon kwakwa ake aiki. In taru ya ɓace, watanni kaɗan ya ruɓe. Na nailan kuwa ya fi arha, ya fi ƙarfi, ba ya ruɓewa, kuma abin da ya sa masunci ke son sa shi ne abin da ya mai da shi bala'i. Na tambaye shi me ya sa ba a dawo da tsofaffin taruna tudu. Ya dube ni yadda ake duban yaro. Ya ce mutumin da ya kwana a ruwa bai kamo abin cefane ba, zai cika jirginsa da yagaggen taru ya kai wa wa? In akwai mai saye, ko da kuɗi kaɗan ne, gobe ba za ka ga ko ɗaya a nan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganarsa ta yi daidai da abin da aka gani a can Tekun Fasifik, inda igiyoyin ruwa suka tara shara a fili mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.6 tsakanin Hawai da Kalifoniya: binciken 2018 ya nuna kashi 46 cikin 100 na nauyinta tarunan kamun kifi ne. Ana ta yi wa mutane wa'azi kan tsinken shan lemo, an bar wannan.

Mun cika buhu da abin da hannu ya kai gare shi, muka juyo kafin ruwa ya janye ya bar mu a laka.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin Nairobi. A can ne, ranar 2 ga Maris, 2022, wakilan ƙasashe 175 suka amince a babban taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za a rubuta yarjejeniyar da za ta ɗaure kowa kan gurɓatar roba, tun daga ƙera ta har zubar da ita, a kuma kammala kafin ƙarshen 2024. Aka zauna a Yurugwai, aka zauna a Faris, aka dawo Nairobi, aka je Otawa, aka je Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024, aka tashi baram-baram. Aka sake haɗuwa a Jeniba a Agustan 2025, nan ma haka. Ƙasashe fiye da 100 na son a sa wa yawan robar da ake ƙerawa linzami. Wasu manyan masu arzikin man fetur, irin su Saudiyya da Rasha da Iran, sun ce a'a, matsalar ta kwashe shara ce kawai, a gyara wannan a bar masana'antu su yi aikinsu. Da yake sai kowa ya yarda ake zartar da magana, 'yan kaɗan sun isa su tsayar da kowa. Ba abin mamaki ba ne: kusan duk roba daga man fetur da iskar gas ake yin ta, kuma yayin da motoci ke komawa lantarki, ita ce kasuwar da masu mai suka sa wa ido.

Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A harkar roba ba haka abin yake ba. Wanda ya ƙera gorar ya ci ribarsa a wani birni mai nisa, wanda ya sha ya jefar ya manta, sai matar da ke bin gaɓa da buhu, da masuncin da kifinsa ya ragu, da mai jakin da ya mutu, su ne bakinsu ke ƙonewa. Shi ya sa na fi ganin hikima a dokokin da ke mayar da nauyin ga mai ƙerawa. Kenya ta sa irin wannan tanadi a dokar shararta ta 2022, cewa kamfani ne zai ɗauki nauyin abin da ya zuba a kasuwa har bayan an gama amfani da shi. A ƙasashen da ake ɗora ɗan kuɗin ajiya a kan kowace gora, a mayar wa mutum in ya dawo da ita, irin su Jamus da Norwe, fiye da 9 cikin 10 na gorunan na dawowa. Ba don mutanen can sun fi kowa tsoron Allah ba ne. Abin da ke da kuɗi a kansa ba ya kwana a kwata. Abin da dattijon nan ya faɗa kenan game da taru, shi da bai taɓa halartar taro ba.

Da muka sauka, ɗan nasa ya raka ni da buhun wurin da ake karɓar roba ana aunawa. Wata mata ce a kan sikeli. Ta zazzage buhun a ƙasa, ta fara rarrabewa da sauri, ko kallon hannunta ba ta yi. Guntayen jarka da bokiti da marafai ta ware gefe guda. Irin wannan roba mai kauri ita ke narkewa ta zama katako. Gorunan ruwa ta jefa wani buhu, ta ce su sai an tara da yawa a matse a tura tudu, in kuɗin jirgi bai cinye ribar ba. Sauran kuwa, wato fakitin da aka manna roba da gwangwani a jikinsa, da soso, da ledar da rana ta cinye, da tarun da laka ta cika, ta ture su da ƙafa. Tulin da ta ture ya ninka wanda ta ɗora a sikeli.

Na ce, "Mama, waɗannan fa?"

Ta ce babu mai sayensu, ko a Mombasa, ko a Nairobi. Yaro zai zo da jaki da yamma ya kai su bola.